Wa Ke Zaɓa Wa 'Ya'yanmu Makaranta A Jihar Neja?

Duk wanda ya ratsa shataletalen Kpakungu da ke Minna a lokacin rajistar jarrabawar JAMB ya san hayaniyar wurin takan ƙaru. Ban da kwandastoci masu kiran "Gidan Kwano! Gidan Kwano!" da hon ɗin Keke Napep, akwai wani cunkoso a bakin shagunan kwamfuta, inda samari da 'yan mata ke tsaye da takardu a leda, suna jiran a cike musu fom kafin su wuce cibiyar rajista. A irin wannan layi ne wani dattijo ya zo da ɗansa. Mai shagon, wanda da kaɗan ya girmi yaron, ya ɗago kai ya ce, "Baba, wace makaranta za a sa masa?"

"Sa masa FUT. Ai ita ce tamu, ga ta nan kusa."

"To, wane kwas?"

Dattijon ya juya ya dubi ɗansa. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Lauya nake so in zama."

"Baba, ai ba a karatun lauya a FUT."

"To, ɗana, kai ka san kan abin. Sa masa duk wanda ka ga za a fi saurin ba shi."

Mai shagon ya danna abin da ya danna, aka biya shi, na baya ya matso. Cikin 'yan mintoci an yanke hukunci a kan shekara biyar na rayuwar yaro, kuma wanda ya yanke shi bai san sunan mahaifiyar yaron ba, balle darasin da ya fi ƙwarewa a kai.

Ban ga laifin mai shago ba, neman halalinsa yake yi. Dattijon ma alheri yake nufi da ɗansa. Ɗabi'ar ce abin zargi, kuma ta zama ruwan dare a cikinmu. Idan wani ya zo neman auren 'yarmu, sai mun aika unguwarsu, mun tambayi sana'arsa da asalinsa da mutanen da yake zama da su, mun ji ta bakin maƙwabta kafin mu sa rana. Amma makarantar da za ta riƙe mana ɗa shekara huɗu ko biyar, ta ci kuɗin gona da na kasuwa, ta kuma sa masa hatimin da zai yi yawo da shi har tsufa, wannan da suna kawai muke zaɓenta, ko da "na ji an ce". Abin da nake son mu tattauna ke nan: zaɓen makaranta aikin gida ne, a gida ake gama shi, tun kafin a je gaban kwamfuta.

1. Rumbun ya fi yadda muke zato

Tambayi yaro a Kpakungu ko Soje ko Barkin Sale ya lissafo manyan makarantun jiharsa, da wuya ya wuce uku: FUT, Lapai, Bida. Alhali Jihar Neja, wadda aka ƙirƙira a 1976, ta fi kowace jiha a Najeriya faɗin ƙasa, kuma makarantunta sun bazu a cikinta kamar yadda ƙananan hukumominta 25 suka bazu. Kowace hanya da ta fita daga Minna tana kai mutum wata ƙofa.

Bi hanyar Bida daga shataletalenmu. Za ka wuce hedikwatar hukumar NECO, ka isa Gidan Kwano, mazaunin dindindin na Jami'ar Fasaha ta Tarayya (FUT) da aka kafa a 1983. In ka zarce ka shiga Bida, fiye da kilomita 80 daga Minna, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wato foli, da ke can tun 1977, ga kwalejin koyon aikin jinya ta jiha, ga reshen foli ta jiha mai koyar da harkokin mulki da kasuwanci, ga kuma jami'ar Edusoko mai zaman kanta. Gaba da Bida akwai Kwalejin Aikin Gona ta Mokwa. In ka karkata zuwa New Bussa, kusa da tafkin Kainji, za ka tarar da kwalejoji biyu na tarayya waɗanda ba kowace jiha ke da irinsu ba: ɗaya ta kiwon kifi, ɗaya ta kula da namun daji.

Koma ta Bosso, inda tsohon mazaunin FUT yake, ka bi ta Maikunkele zuwa Zungeru, babban mazaunin foli ta jiha. Daga nan hanya ta bi ta Tegina zuwa Kontagora, inda Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta 1978 ta samu ɗaukaka zuwa jami'ar ilimi. Can gaba, a Tungan Magajiya, akwai makarantar koyon aikin lafiya.

Ta ɓangaren Chanchaga kuwa akwai Kwalejin Ilimi ta jiha, mai tarihi tun 1975, sannan hanyar Paiko ta kai ka Lapai, inda gwamnatin Abdulkadir Kure ta kafa Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida a 2005. A cikin Minna kanta akwai sabuwar jami'ar jiha mai ɗauke da sunan marigayi Kure, da cibiyar Fati Lami Abubakar mai koyar da shari'a da aikin mulki, da makarantar ungozoma, da ta kiwon lafiya, da cibiyar jami'ar karatu daga gida, da jami'o'i masu zaman kansu irin su Newgate da El-Amin.

Wanda ya san uku daga cikin waɗannan bai yi zaɓe ba. Abin da ya tarar a bakin ƙofa ya ɗauka.

2. Kwas ne gaba, makaranta na biye

Mukan fara da tambayar "wace makaranta?", alhali tambayar farko ita ce "me yaron nan zai iya, me kuma yake so ya zama?" In an amsa wannan, rabin makarantun da ke sama za su fita daga lissafi da kansu.

FUT jami'ar fasaha ce. An gina ta domin injiniyanci, da zanen gine-gine, da safiyo, da tsara birane, da kimiyyar kwamfuta da tsaron intanet, da aikin gona na zamani, da horar da malaman kimiyya. Wanda zuciyarsa ke kan harshe ko tarihi ko shari'a, ba a gina ta dominsa ba, komai kusancinta da gidansu. Lapai kuwa jami'a ce ta gama-gari: akwai tattalin arziki, da kimiyyar siyasa, da aikin jarida, da Turanci, da Larabci, da akanta, tare da kimiyya da aikin gona. Mai son lauya yana iya fara difloma a cibiyar Fati Lami Abubakar, ko ya buɗe kundin JAMB ya ga jami'o'in da aka yarje wa digirin shari'a, ko da zai kai shi Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Abuja.

Kundin nan kyauta ne a shafin JAMB na intanet. Yana nuna kowane kwas, da makarantun da ke yin sa, da kiredit ɗin da ake buƙata a WAEC ko NECO, da darussa huɗun da za a zauna. Mai neman injiniyanci zai rubuta Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Mai neman aikin jinya zai sa bayoloji a madadin lissafi. Mai neman lauya ba makawa sai da adabin Turanci. Kowace shekara akan samu yaran da suka ci maki mai kyau amma aka ƙi su, saboda darussan da suka rubuta ba su dace da kwas ɗin da suka nema ba. Ƙoƙari sun yi. Abin da ya kayar da su shafi ɗaya ne da ba wanda ya karanta musu.

Shi ya sa maganar nan ba ta ranar rajista ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga SS1, lokacin da ake raba yara zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci, aka fara zaɓen makarantar gaba, ko iyaye sun lura ko ba su lura ba. Yarinyar da aka tura ajin kimiyya domin a ce 'yar wane likita za ta zama, alhali lissafi yana ba ta kashi, an ɗora mata kayan da za ta sauke a tsakiyar hanya.

3. Wa ya amince da takardar?

Gini mai fenti da babban allo a bakin titi ba su ne makaranta ba. Abin da ke mayar da takarda ta zama shaida shi ne amincewar hukuma, kuma kowane irin karatu da hukumarsa. Jami'o'i suna ƙarƙashin NUC. Foli da makarantun difloma suna ƙarƙashin NBTE mai hedikwata a Kaduna. Kwalejojin ilimi suna ƙarƙashin NCCE. Bayan waɗannan akwai hukumomin sana'a: injiniya yana buƙatar kwas ɗin da COREN ta tantance, ma'aikaciyar jinya da ungozoma ba za su samu lasisi ba sai makarantarsu tana cikin rajistar majalisar jinya da ungozoma ta ƙasa.

Abin lura a nan shi ne, kwas-kwas ake tantancewa, ɗaya bayan ɗaya. Makaranta tana iya zama halastacciya, amma wani sabon kwas da ta buɗe bai samu amincewa ba tukuna. Don haka tambayar "gwamnati ta san da ku?" ba ta isa ba. A ce musu, "Wannan kwas ɗin da ɗana zai yi, wace hukuma ta tantance shi, a wace shekara?" Makarantar da ke da gaskiya ba ta jin haushin wannan tambaya.

An fi buƙatar wannan taka-tsantsan a fannin lafiya. Ƙananan makarantu masu zaman kansu na koyon aikin lafiya sun yawaita a garuruwan Arewa, saboda iyaye sun gane cewa aikin asibiti yana da kasuwa, musamman ga 'ya'ya mata. Akwai nagari a cikinsu, akwai kuma waɗanda farin yunifom kaɗai suke sayarwa. Ranar da bambancin ke fitowa ita ce ranar neman lasisi, bayan an kashe shekara uku da kuɗin da ba ya dawowa.

Wanda yake ganin abin wasa ne, ya tuna da abin da ya faru a ƙarshen 2023, lokacin da ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Guguwar ta haɗa har da waɗanda suka zauna a aji suka yi karatu da gaske. Rigakafi ya fi magani.

4. Maki da lissafin gurbi

A jarrabawar JAMB ta 2025, ɗalibai kimanin miliyan 1.9 ne suka zauna, kuma a sakamakon farko da aka fitar fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A wannan shekarar an tsayar da mafi ƙarancin maki a 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga foli da kwalejojin ilimi. Iyaye da yawa sukan ji 150 a rediyo su ɗauka ɗansu mai 165 ya shiga ke nan. Wannan adadi bakin ƙofa ne kawai. Kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata, kowane sashe kuma yana tace nasa, gwargwadon yawan masu nema da yawan kujerun da yake da su. Makin da zai shigar da yaro wani kwas cikin sauƙi, a wani kwas ɗin na makaranta guda ko duba shi ba za a yi ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai kuma ƙa'idar rabon gurbi a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, kuma Neja tana cikinsu. Ɗan Neja da ya nemi FUT yana da ƙofofi uku ke nan, abin da ba lalle ya samu ba a wata jami'a mai nisa da ya zaɓa don sunanta.

Zaɓin farko a fom ɗin JAMB shi ne mai nauyi. Jami'o'i da yawa ba sa kiran wanda ya sa su a na biyu zuwa tantancewar bayan JAMB. Saboda haka na biyu da na uku ba wurin cike gurbi da duk sunan da ya zo baki ba ne. Nan ne ake sa foli ko kwalejin da in ta kira za a je da gaske. In sakamako ya fito bai kai ba, JAMB tana ba da damar sauya makaranta ko kwas, kuma gara a yi haka da wuri da a zauna ana jiran sunan da ba zai fito ba. Akwai kuma shirin share fage da na IJMB, wanda ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye in ya ci.

Tun 2017 duk wani gurbin karatu na halal ta manhajar CAPS ta JAMB yake fitowa, kuma ɗalibi da kansa zai shiga ya karɓa ko ya ƙi. Duk wanda ya ce maka "kawo kuɗi in sama wa yaro admishan ta bayan gida", to yana sayar maka da matsalar da za ta jira ku a ranar tafiya bautar ƙasa, lokacin da za a nemi sunan yaron a rajistar JAMB a rasa.

5. Kuɗin da ba ya cikin takardar makaranta

Idan muka tashi kwatanta tsada, kuɗin rajista kaɗai muke dubawa. Shi ne kuwa mafi sauƙin sani, kuma sau da yawa ba shi ne mafi nauyi ba. A ɗauki biro da takarda a yi lissafi na gaskiya: rajista, da haya, da abinci, da kuɗin mota, da littattafai, da kayan aikin gwaji, da kuɗin firojet na shekarar ƙarshe, sannan a ninka da yawan shekaru. Digirin FUT shekara biyar ne, yawancin na Lapai huɗu ne, NCE ta kwalejin ilimi uku, ƙaramar difloma biyu. Shekara ɗaya ta ƙari ba ƙaramin abu ba ce ga mai ciyar da gida da albashi ko da shago.

Ɗan Kpakungu da ya samu FUT yana iya kwana a ɗakinsu ya ci tuwon gida, amma zai hau mota zuwa Gidan Kwano safe da yamma, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Wanda ya tafi Lapai ko Zungeru ko Mokwa dole ya nemi ɗaki, ya sayi katifa da risho, ya ciyar da kansa. Wanne ya fi sauƙi? Amsar ta danganta da gida, kuma ba ta fitowa sai an rubuta.

Akwai wani abu da ya shafi unguwa irin tamu musamman. Kpakungu matattara ce: ga Nufawa, ga Gwarawa, ga Hausawa da Fulani, ga Yarbawa da Ibo, wasu a nan aka haifi iyayensu ma. Makarantun jiha suna bambanta kuɗin ɗan asalin jiha da na wanda ba ɗan jiha ba, kuma takardar shaidar ƙaramar hukuma ce ke raba gardama. Makarantun tarayya ba sa yin wannan bambanci a kuɗi. Yaron da aka haifa a Minna amma takardarsa ta Katsina ce ko ta Ilori, lissafinsa daban ne da na abokinsa da suke zama benci ɗaya.

Tun 2024 akwai asusun NELFUND da ke ba ɗaliban makarantun gwamnati rancen kuɗin makaranta, har da Naira 20,000 a wata na ɗawainiya ga wanda ya nema. Taimako ne, amma bashi ne da za a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, kuma bai shafi makarantu masu zaman kansu ba.

Lokaci ma kuɗi ne. Yajin aikin ASUU na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas ɗalibai suna gida, kuɗin hayarsu yana tafiya. Wannan ne ke sa wasu masu hali su gwammace jami'a mai zaman kanta. Su ma sai su tambayi kansu ko za su iya biya har ƙarshe, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai hanya. Bayan sace ɗaliban Kagara a Fabrairun 2021 da na Islamiyyar Tegina a Mayun shekarar, babu uban da za a ga laifinsa in ya tambayi lafiyar hanyar da ɗansa zai riƙa bi. Direbobin tasha sun fi kowa sanin halin da kowace hanya take ciki a wannan watan. Ga 'ya mace kuwa, a ƙara da tambayar ɗakin kwana: a cikin makaranta yake ko a waje, akwai katanga da mai gadi, ina ake ɗibar ruwa, da wane lokaci?

6. Rainin da muke yi wa foli da NCE

Wani zai ce, "Malam, duk wannan zance ne. Kowa ya san digiri ya fi HND daraja a wurin ɗaukar aiki." Gaskiya ne akwai bambanci, kuma ya daɗe yana ci wa masu babbar difloma tuwo a ƙwarya. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin soke shi a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Ba zan ce wa kowa babu wannan matsala ba.

Sai dai a auna ta da ɗaya matsalar. Yaro ya zauna JAMB bana bai samu jami'a ba, ya sake baɗi, ya sake shekara ta uku, yana zaune a bakin titi yana jiran suna. A wannan tsakanin abokinsa da ya tafi Bida ya gama ƙaramar difloma, ya yi shekarar koyon aiki, yana da zaɓi biyu a hannu: ya koma ya yi babbar difloma ya tafi bautar ƙasa, ko ya nemi shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. Mai NCE ma yana da damar shiga jami'a kai tsaye. Ƙofar foli da ta kwalejin ilimi ba sa rufe ta jami'a. Girman kai rawanin tsiya ne.

A kuma dubi abin da jihar take da shi. Madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru duk suna ba ƙasar nan wuta daga ruwan Jihar Neja. Fadamun shinkafa sun shimfiɗu a ƙasar Nufe, kuma cibiyar binciken hatsi ta ƙasa tana Badeggi. Gwamnatin jiha kullum maganar noma take yi. Wa zai gyara taransifoma da famfon ban-ruwa, wa zai auna ƙasa, wa zai ƙyanƙyashe 'ya'yan kifi, wa zai riƙe asibitin ƙauye, wa zai koyar da lissafi a firamare? Waɗannan ayyuka ne na waɗanda suka fito daga Zungeru da Mokwa da New Bussa da Tungan Magajiya da Kontagora. Yarinyar da ta gama makarantar ungozoma tana da abin yi a duk garin da aure ya kai ta. Ba kowane mai digiri ne zai iya faɗin haka ba.

7. Gani ya kori ji

Uban da bai yi boko ba zai iya cewa wannan bincike ya fi ƙarfinsa. Bai fi ba. Tambayoyin da suka fi muhimmanci ba sa buƙatar Turanci. Zuwa da kai ya fi aike: a ware rana guda, a hau mota da yaron, a je a ga wurin. A shiga sashen da yake nema. A leƙa ɗakin gwaje-gwaje a ga ko na'urorin suna aiki ko ƙura ta rufe su. A tsayar da ɗalibin shekarar ƙarshe a tambaye shi: ku nawa ne a aji, malamai suna zuwa, sakamako yana fitowa a kan lokaci, waɗanda suka gama bara ina suke yanzu? Ɗalibi ba shi da abin da zai sayar maka, don haka zai faɗi abin da allon talla ba zai faɗa ba. Kuɗin motar wannan rana bai kai kuɗin fom ɗin da za a sake saye baɗi ba.

Masu cewa komai rabo ne sun yi gaskiya, amma addinin da ya koya mana istihara shi ya koya mana shawara. A cikin kowane layi a Kpakungu akwai malamin makaranta, ko ma'aikacin NECO, ko ɗalibin FUT, ko nas. Matambayi ba ya ɓata. A kuma saurari yaron da kansa, domin shi zai zauna a ajin.

Amma bai kamata a bar wa iyaye kayan su kaɗai ba. Makarantun sakandare su farfaɗo da ofishin malamin ba da shawara, ya zama yana zama da 'yan SS1 da iyayensu kafin a raba aji, ya sake zama da 'yan SS3 kafin a buɗe rajista. Gidajen rediyo, daga Rediyo Neja har Search FM ta FUT, su ware shiri a watannin Disamba da Janairu, su gayyato jami'an ɗaukar ɗalibai su amsa tambayoyin jama'a kai tsaye. Ƙungiyoyin unguwa da kwamitocin masallatai da coci-coci su shirya zama ɗaya a shekara, ɗaliban da suka riga suka shiga su yi wa ƙannensu bayani.

Babban aikin yana kan ma'aikatar da ke kula da ilimi mai zurfi a jiha. Ta fitar da ɗan littafi guda kowace shekara, da Hausa da Nufanci da Gwaranci da Turanci, mai ɗauke da kowace babbar makaranta a Neja, ta tarayya da ta jiha da mai zaman kanta: kwasa-kwasanta, da hukumar da ta tantance kowanne, da makin da aka ɗauka bara, da kuɗin ɗan jiha da na baƙo, da yawan gadajen ɗakin kwana. A raba shi a sakandare, a sa shi a intanet yadda za a iya tura shi ta WhatsApp. Duk waɗannan bayanai suna nan a ofisoshin rajistara, tattarawa kawai suke jira. Makarantar da ta ƙi bayar da nata, a rubuta a gaban sunanta cewa ta ƙi, iyaye su yi wa kansu hukunci.